Sojojin Malam Bernard

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Federal Low-Cost ya san Malam Bernard, in bai san shi da suna ba, zai san shi da laima. Dogo ne siriri, mutumin Kaltungo, yana tafiya a miƙe kamar ya haɗiye taɓarya, ko rana ko ruwa laimarsa na hammata. Tarihi ya koyar a makarantun sakandare har ya yi ritaya, kuma da yawa daga cikin ma'aikatan da ke fakin ɗin mota a unguwar yau sun sha ranƙwashinsa suna yara. Amma ba ranƙwashin aka fi tunawa ba. In aka ambaci sunansa, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne sojojinsa.

Ba sojoji masu rai ba ne. 'Yan mutum-mutumi ne na shugabannin yaƙin tsohuwar ƙasar Girka, kai da kafaɗu kawai, kowanne bai wuce kamu ɗaya ba, a jere cikin shogilas a falonsa, wurin da sauran gidaje ke jera tangaran da kofunan da ba a shan ruwa da su. Na farkon, wani Bature malamin mishan ne ya bar masa lokacin da zai koma ƙasarsu, Bernard yana ɗan makaranta. Sauran kuwa shi ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a wajen 'yan gwanjo masu sayar da tsofaffin kayan gida na Turai, wani a Jos, wani a Kano. Na farar ƙasa ne aka shafe su da ruwan tagulla, amma a wajensa ko zinariya albarka.

Wanda Baturen ya bar masa shi ne ɗan lelensa. Wani mai gemu ne da kwalkwali a ka, kwalkwalin na da zanko irin na zakara, sunansa Liyonidas. Baƙo ba ya shiga falon nan ya fita bai ji labarinsa ba, ko da wuta ya zo ɗiba. Yadda ya tsaya a wata 'yar matsattsiyar hanya tsakanin dutse da teku da mutanensa kaɗan, ga rundunar abokan gaba ba iyaka, aka ce ya ja da baya ya ce a'a. Malam Bernard kan ɗaga yatsa a nan ya ce, "Namiji ke nan. In ya faɗi magana ya faɗa."

Matarsa Christy, wadda ke sayar da atamfa a gida kuma ita ce mai jan waƙa a zumuntar mata, takan leƙo daga kicin ta ce, "Baban Lizzy, ka ƙarasa wa baƙo labarin mana. Ai duk a wurin suka mutu."

"Da mutuncinsu," in ji shi.

"To, Allah ya ba matansu haƙuri," sai ta koma kan tukunyarta.

Sun daɗe ba su samu haihuwa ba, har 'yan uwa sun gaji da gori sun yi shiru, sannan Allah ya kawo Lizzy, daga ita kuma ba a sake ba. Yarinyar nan a gaban shogilas ɗin ta yi rarrafe. Da ta yi wayo, aikinta ne ranar Asabar ta fito da sojojin ta goge su da tsumma, ubanta na zaune yana ba ta labarin kowanne. Sunayen Girkawa sun fi ƙarfin bakinta, sai ta raɗa musu nata. Liyonidas ya zama Mai Zanko, wani ya zama Baba Gemu, Alekzanda kuwa da ba shi da gemu sai sumar gayu ya zama Ɗan Kwalisa. Malam Bernard, wanda ɗalibi bai isa ya karkace harafi ɗaya a gabansa ba, shi ma ya koma kiran su da sunayen nan.

Wata Asabar yana wajen taro a coci, Mai Zanko ya suɓuce daga hannun Lizzy, wuyansa ya rabu biyu. Christy ta aika aka sayo gam, ta zauna ta liƙa shi a hankali, ta shafa toka a kan layin don ya ɓace. Ina, idon Malam ba ya kuskure sojojinsa. Da ya tambaya, Christy ta ce ita ce, tsintsiya ce ta taɓa shi. Ya yi kwanaki yana cin tuwonta yana ɗaure fuska, ita kuwa ko a jikinta.

Lizzy ta girma, ta yi karatun jinya, ta samu aiki a wani kemis a unguwar Bolari. Kusa da kemis ɗin akwai shagon huluna na wani saurayi, Muhammad Nur, wanda rikicin Borno ya koro su shi da mahaifiyarsa da ƙannensa, ba su tsira da komai ba sai allura da zare da sana'ar hannunsu. Yaro ne mai kunya, ba ya haɗa ido da babba. Yadda aka yi aka yi dai, shi da Lizzy suka daidaita. Ta gaya wa uwarta, uwarta ta yi kuka ta share hawaye, sannan suka je gaban Malam tare. Lizzy ta durƙusa ta ce tana son auren Muhammad Nur, kuma ta karɓi addininsa da ra'ayin kanta, ba wanda ya tilasta ta.

Ranar falon nan ya ji abin da bai taɓa ji ba. Malam Bernard dattijo ne a cocinsu, shi ke yi wa iyayen wasu nasiha a kan 'ya'yansu, yau ga shi a gidansa. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne me mutane za su ce. Ya miƙe tsaye, ya nuna ƙofa, ya ce, "In kika sa ƙafa kika fita daga gidan nan saboda yaron nan, kada ƙafarki ta sake taka cikinsa. Ni ubanki na faɗa."

Ta fita. Aka ɗaura aure ba shi. Dangin miji suka riƙa kiran ta Sadiƙa.

Christy ba ta bar maganar ta kwana ba. "Baban Lizzy, baki ka yi mata," ta ce, "kuma ka san yadda ake yi a gidanku." Ya sani kuwa. A zuriyarsu tun kakanni, in uba ya furta magana irin wannan a kan ɗansa, maganar ba ta mutuwa don ran uban ya huce, kuma ɗan da ya tsallake ta yana tsoron abin ya sauka a kan nasa 'ya'yan. Sai uban ya fito bakin ƙofa da ruwa a moɗa, ya kurɓa ya furzar a ƙasa a gaban ɗan, ya ce ya janye. Shi ke nan, ba kaza ba akuya. Malam ya ga kakansa ya yi wa wani kawunsa haka da idonsa.

"Ni da karatuna da matsayina a coci in koma furzar da ruwa kamar mutanen kan dutse?" in ji shi. "Ni ban yi wa kowa baki ba. Magana na yi, kuma na yi ta."

Haka aka shiga shekaru. Lizzy ba ta daina zuwa ba. Keke zai sauke ta, ta tsaya a bakin get ta yi sallama, Christy ta fito da kujeru biyu ƙarƙashin dogon yaron da ke waje, su yi ta hira har rana ta karkata. In Malam ya fito za ta durƙusa ta ce, "Baba, ina wuni," ya amsa a daƙile ya wuce da laimarsa, sai ka ce yana da wurin zuwa. Sau da yawa ma ba ya fitowa, yana tsaye bayan labule yana sauraron dariyarta. Ta tagar nan ya fara ganin jikarsa Aisa a goye, ta tagar nan ya ga ta fara tafiya tana riƙe da zanen kakarta. Wallahi yana son yarinyar nan kamar ransa, amma ko sau ɗaya bai ɗauke ta ba.

Sai ciwon suga ya kwantar da Christy. Lizzy ce ta yi jinyarta a asibiti, ita ke juya ta, ita ke wanke ta. Ana gobe za ta cika ta kama hannun mijinta ta ce, "Ruwa ne fa kawai, Baban Lizzy." Ya ce ta daina wahalar da kanta da magana, za a yi in ta warke.

Ba ta warke ba. Aka kai ta Kaltungo aka binne. A zaman makoki gidan ya cika ya batse, 'yan zumunta da ankonsu suna waƙa a falo, Musulmin unguwa a kan tabarmi a waje. Lizzy kuwa, 'yar da ta rasa uwa, a ƙarƙashin rumfa ta zauna, a kicin ɗin maƙwabta ta yi girkin baƙi, in an gama ta miƙa wa wata ta shigar. Kowa ya gani, kowa ya kawar da kai.

Da mutane suka watse, sai gidan ya yi wa Malam girma. Ya dafa shayi ya manta da shi. Ranar Asabar ya fito da sojojin ya goge da kansa, ba wanda zai ba labari. Abu ɗaya yake so a duniya, ya ga 'yarsa zaune a kujerar uwarta a cikin falon nan. Amma ya fita da moɗa a hannu, a gaban unguwa, ya nuna cewa shi ne ya yi kuskure? Nan ne tafiyar ke tsaya masa.

Yana da maƙwabci, Malam Wakili, tsohon ma'aikacin ruwa, abokin dararsa na shekara da shekaru. Wata yamma suna dara a ƙofar gida, Malam Bernard ya ce, "Wai ni Wakili, tun da muke ban taɓa ganin ka zauna a falona ka miƙe ƙafa ba. Kullum sai ka ce mu fito waje."

Wakili ya yi 'yar dariya. "Malam, tunda ka tambaya. Sojojin nan naka ne. A wajenmu an ce mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da gunki. Ba wai na ce bauta musu kake yi ba, na san ado ne. Raina ne dai bai saba ba."

"To in mutum na da su, ya zai yi?"

"Na ji malamai na cewa in aka cire kan, ya tashi daga siffar mai rai, ya zama kamar kututture."

Malam Bernard ya riƙe ɗan dararsa a sama bai ajiye ba. "Ashe shi ya sa," ya ce a hankali. "Shi ya sa Lizzy ba ta shigowa. Mijinta ne ya hana ta saboda su."

Wakili ya dube shi. "Ka tambaye ta?"

"Me zan tambaya, ga amsa a fili?"

"Ni dai da ka tambaye ta," in ji Wakili, ya ci masa 'ya'ya biyu.

Kaico. Mutum mai ilimi in zai yaudari kansa, ya fi jahili iyawa. Dalilin nan ya yi wa Malam daɗi saboda ba laifinsa a ciki. Gara ya rasa abin da ya fi so a gidan da ya ce ya yi kuskure, har ma yana jin kansa wani jarumi mai sadaukarwa. Duk da haka ya yi ta jan ƙafa, ya buɗe shogilas ya rufe, har ranar da Nancy, aminiyar marigayiya, ta tsaya bayan an tashi daga coci ta ce masa, "Baban Lizzy, ka ji su Lizzy za su tashi? Garin mijinta ya lafa, tsohuwarsa ta ce a gida take so ta mutu. Sun fara ɗaure kaya."

Washegari da hantsi ya aro zarto a wajen wani kafinta. Guduma ta fi sauri, amma ya ce ba zai iya dukan su ba. Ya kifa turmin Christy a bayan gida, ya shimfiɗa tsumma a kai, ya fara da Ɗan Kwalisa. Farar ƙasa ba ta da gardama, zarton na shiga garin na zuba a kan takalminsa. Ya yi Baba Gemu, ya yi sauran, yana yi yana ce wa kowanne, "Ka yi haƙuri." Mai Zanko ya bari a ƙarshe. Shi ko zarto bai buƙata ba, yana ɗan murɗa shi wuyan ya rabu a daidai inda Christy ta liƙa. Ya zauna a ƙasa da kan a hannunsa ya yi kukan da bai yi ba a Kaltungo.

Ya tattara kawunan a buhu. Ya yi tunanin ya ɓoye su a ƙarƙashin gado, sai ya ji tsoron kada a ce ai har yanzu suna cikin gidan, aikinsa ya tashi a banza. Ya saɓa buhun ya kai kwarin da ke bayan unguwa, inda ruwan damina ke bi, ya juye. Guntayen kuwa ya mayar da su shogilas, kowanne a mazauninsa. Da yamma hadari ya haɗo daga gabas, aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya aiki Nancy ta gaya wa Lizzy gida ya gyaru, ta zo.

Ana gobe za su tafi suka zo, ita da mijinta da Aisa. Malam ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya share falo, ya sayo lemo. Keke na tsayawa ya fito ya wangale get da kansa. Muhammad Nur ya cire takalmi ya tsuguna ya gaishe shi. Lizzy ta durƙusa a inda ta saba, a waje.

"Shigo," in ji Malam. "Na kawar da su. Babu sauran gunki a gidan nan, duk na cire musu kai. Mijinki ma zai iya salla a falo in yana so."

Lizzy ta ɗago. "Waɗanne gumaka, Baba?"

"Sojojin. Ba su suka hana ki shiga ba?"

Ta dubi mijinta, mijin ya sunkuyar da kai. "Baba," in ji Muhammad Nur, "ni ban taɓa hana ta ba. Sau nawa nake rako ta har nan ina ce mata ta shiga ta ba ka haƙuri."

"Baba, kai ka ce kada ƙafata ta sake taka gidanka," Lizzy ta ce, hawaye na bin fuskarta. "Ga ni da 'ya, in tsallake bakin ubana? Mama ta ce in yi haƙuri, in dinga zuwa, wata rana za ka fito da ruwa. Duk zuwan da nake yi, in ka buɗe ƙofa ba fuskarka nake fara kallo ba, hannunka nake kallo."

Malam Bernard ya dubi hannuwansa. Har yanzu akwai farar ƙasa a ƙarƙashin faratansa. Ya juya ya shiga ciki, suka ji ƙarar murfin randa. Ya fito da ruwa a moɗa. Malam Wakili na zaune a ƙofar gidansa, matan maƙwabta na leƙe, bai dubi kowa ba. Ya kurɓa, ya furzar a ƙasa a gabanta, ya ce, "Na janye, Lizzy. Na janye. Ki shiga gidan ubanki." Abin da aka yi shekaru ana jira, ko tafasar shayi bai kai ba.

Ta cire takalmi ta shiga da ƙafar dama. Aisa ce ta riga kowa, ta ruga kai tsaye wajen shogilas kamar wadda ta san gidan, domin da labarin sojojin nan uwarta ke lallashin ta tun tana goye. Ta manna fuska a gilashi, ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo.

"Kaka, ina Mai Zanko?"

Malam ya dubi Lizzy. Lizzy ta buɗe shogilas ɗin, ta ɗauko guntun da ke tsakiya, ta bi bakin wuyan da yatsa, inda busasshen gam ya yi baƙi da toka. "Hannun Mama ne wannan," ta ce. Ta zauna a kujerar uwarta da shi a cinya, ta kifa kai.

Yini ɗaya ya samu. Ta shiga kicin ta yi masa miyar kuka irin ta uwarta, ta yi sallar la'asar a tsohon ɗakinta, Aisa ta hau cinyarsa yana kiran ta amaryarsa tana cewa ita ba ta son tsoho. Kafin magariba keke ya dawo. Lizzy ta roƙi guntun Mai Zanko, ta naɗe shi a gefen mayafi. Da safe motarsu ta kama hanyar Borno.

Tun daga ranar, in aka yi ruwa aka ɗauke, za ka ga dogon tsoho a cikin kwarin bayan Low-Cost, ya naɗe ƙafar wando, yana tona yashi da tsinin laima. Wani lokaci Malam Wakili na biye da shi, yana riƙe masa takalmi. Ruwan kwarin nan katangar gida ma ɗauka yake yi, balle ɗan kan farar ƙasa, kowa ya san haka, shi ma ya sani. Amma duk ranar Asabar Lizzy na kiran waya, in sun gaisa ta miƙa wa Aisa, ita kuwa tambayarta ɗaya ce, ko Kaka ya samo kan Mai Zanko.

"Saura kaɗan, amarya," yakan ce mata. "Ina nan ina nema."